Karatun tsaron intanet daga Legas: wace makaranta ce aljihu zai ɗauka?

Alhaji Ɗanlami, Agege: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin masana. Yarinyata za ta gama sakandare bana, ɓangaren kimiyya, kuma ta tsaya a kan tsaron intanet take son karanta. A nan Legas aka haife ta, amma takardar asalinmu ta Katsina ce. Jami'o'in kuɗi ba sa cikin lissafina. Ina ne za ta sami ilimin nan ba tare da mun shiga bashi ba?

Injiniya Nura: Wa'alaikumus salam Alhaji. Allah Ya yi mata albarka. Kafin a kira sunan makaranta, a fara gyara lissafin. Kuɗin rajista shi kowa ke tambaya, alhali a makarantun gwamnati sau da yawa shi ne ƙarami. Abu huɗu za ka haɗa: rajista, wurin kwana, kuɗin mota, sai kwamfuta da data. Sannan ka ninka da shekarun kwas ɗin, domin ba duka ne shekara huɗu ba.

Misali, a ce kuɗin motarta zuwa da dawowa naira 2,000 ne a rana. Kwana 5 a mako, wajen mako 32 a shekarar karatu, ka ga naira 320,000 ke nan, ba a ci abinci ba. Idan kuma ɗaki za a kama mata a Akoka ko Bariga ko Abule Oja, unguwannin da ke kusa da jami'ar Legas, wato UNILAG, ka san ɗabi'ar garin nan: kuɗin shekara gaba ɗaya, ga na ejan, ga na yarjejeniya. Gadon kwana a cikin UNILAG bai isa ɗalibai ba, nema ake ta intanet, kuma ba kowa ke samu ba.

Amma ku mutanen Agege kuna da wani rabo. Jirgin ƙasan jan layi da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 yana tsayawa a Agege, ya bi Ikeja da Oshodi da Mushin ya sauke a Yaba, da katin Cowry ake biya. Kwalejin fasaha ta YABATECH tana nan Yaba, UNILAG kuma mota ɗaya ce daga can zuwa Akoka. Yarinyar da za ta kwana gida ta ci abincin gida, ta riga ta rage muku mafi nauyin kashin.

Malama Hauwa: Injiniya, lissafin ya yi, amma sai an sami gurbin tukuna. Alhaji, wannan batu na takardar Katsina da ka ambata shi ne gaɓar maganar. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi uku: 45 cikin 100 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka ce suna baya a ilimin boko. Yankin UNILAG shi ne Legas, Ogun, Oyo, Osun, Ondo da Ekiti. Haihuwa a Agege ba ta sa ta cikin wannan kaso, jihar asali da aka cike a JAMB ake dubawa. Katsina tana cikin kaso na uku, wannan taimako ne, amma kada a jingina da shi. Kimiyyar kwamfuta na cikin kwasa-kwasan da aka fi rububi a can.

Sharuɗɗan UNILAG kuma masu tsauri ne. Sai an sa ta zaɓin farko, sai maki 200 ko sama a JAMB kafin a yarda ka zauna jarrabawarsu, kuma kiredit biyar ɗin a zama ɗaya suke so. Wanda ya haɗa WAEC da NECO ya fita. A haɗa maki, JAMB na da kashi 50, jarrabawarsu 30, sakamakon sakandare 20. Saboda haka bambancin A1 da C6 a Lissafi da Fiziks kuɗi ne a aljihunka, don shi ke raba samun gurbi bana da zaman gida shekara guda.

LASU da ke Ojo da LASUSTECH da ke Ikorodu na jihar Legas ne, suna fifita 'yan asalin jiha, kuma akwai tantancewa ta musamman kan hakan. Baƙo na shiga, sai dai da maki mai ƙarfi.

A JAMB ta cike Ingilishi, Lissafi, Fiziks, na huɗu Kemistiri. Wannan haɗin ya fi buɗe ƙofofi.

Sadiƙ, Idi-Araba: Malama ta yi bayani. Ni abin da zan ƙara, Baba Alhaji, kada a maƙale wa sunan kwas. Wanda ya karanta kimiyyar kwamfuta da kyau ya fi wanda takardarsa ta ce tsaron intanet amma bai taɓa haɗa kwamfuta biyu sun yi magana da juna ba. A hirar ɗaukar aiki abin da ake tambayar sabon shiga sananne ne: yaya TCP ke ƙulla zance da matakai uku, me DNS ke yi, me ya bambanta ɓoye bayanai da mabuɗi ɗaya da ɓoye su da mabuɗi biyu, ga rajistar shiga ta wata na'ura, nuna mana inda wani ke gwada kalmomin sirri a jere. Duk wannan tushensa hanyoyin sadarwa ne da Linux da Windows da ɗan rubuta manhaja da Python. Ta nemi kimiyyar kwamfuta a nan kusa, sauran ta ɗora da kanta.

Malam Tasi'u: A nan ba na tare da kai gaba ɗaya, Sadiƙ. Maganarka ta dace da yaron da ke da mai yi masa jagora a gida. Wanda ba shi da kowa, tsarin sashe shi ne jagoransa. Tun Disambar 2022 hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta fitar da sabon kundin manhajar jami'o'i, CCMAS, inda tsaron intanet yake a matsayin digiri mai zaman kansa a ƙarƙashin fannin kwamfuta. Kashi 70 na darussan hukumar ce ta gindaya, 30 jami'a ke ƙarawa. A sashen da aka ware, dole ɗalibi ya zauna ajin binciken shaida a na'ura, ajin lissafin ɓoye bayanai, ajin doka. A kimiyyar kwamfuta zalla yana iya gamawa da darasin tsaro ɗaya ko biyu kacal.

Kuma muna da su a gida. Jami'ar Bayero ta Kano tana da digirin, shekara huɗu. Jami'ar Tarayya ta Dutse tana da shi. FUT Minna na cikin waɗanda suka fara buɗe sashen a ƙasar nan, a Gidan Kwano, sai dai ita shekara biyar ce kamar sauran jami'o'in fasaha, FUTA ta Akure ma haka. Akwai kuma cibiyar fasaha ta sojan sama, AFIT, a Kaduna. 'Yar Katsina a Bayero tana cikin yankin jami'ar, wato tana takara a kason 35 ɗin da ba ta da shi a Akoka. Ɗaki da abinci a Kano ko Dutse ba za a haɗa su da na Yaba ba. Alhaji, akwai dangi a Kano?

Alhaji Ɗanlami, Agege: Akwai gwaggonta a Rijiyar Zaki.

Malam Tasi'u: To ai kusa da sabon mazaunin jami'ar ke nan, kan titin Gwarzo. A ganina an gama magana.

Sadiƙ, Idi-Araba: Da saura, Malam. Ina za ta yi SIWES? Watanni shida na koyon aiki su ne ƙofar aikin farko ga yawancin ɗalibai. Hedikwatocin bankuna da kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya da na sadarwa, mafi yawa a Marina da Victoria Island da Ikoyi da Lekki suke. Tun 2018 Babban Banki ya fitar da ƙa'idar da ta wajabta wa bankuna naɗa babban jami'in tsaron bayanai da sa ido kan na'urorinsu. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ƙara buɗe guraben aiki. Ɗakunan da ake zama dare da rana ana lura da kutse, a nan suka fi yawa.

Malam Tasi'u: Wannan ai hujjata ce ka ƙarfafa. Gidansu yana Agege. Ta yi karatu a Kano, in lokacin SIWES ya yi ta dawo ɗakin mahaifiyarta ta yi a Legas, ba ta biyan haya ko a can ko a nan. Ɗalibi ne ke nemo wurin koyon aiki ya kai wa makaranta takardar karɓa. Abin da za ta kiyaye, ta fara aika takardun nema tun watanni uku ko huɗu kafin lokaci, domin wurare masu kyau da wuri suke cika, a ƙarshe yaro ya ɓuge a shagon buga takardu.

Injiniya Nura: Na karɓi wannan, da sharaɗi ɗaya. Sunan sashe a allo ba ya nuna abin da ke ciki. Kafin a cike fom a yi abu uku. A buɗe kundin kwasa-kwasan JAMB na intanet, IBASS, a ga makarantar tana da kwas ɗin a shekarar. A duba matsayin kwas ɗin a wurin NUC, domin amincewa da jami'a daban, amincewa da kwas daban. Akwai cikakkiyar amincewa, akwai ta wucin gadi, akwai wadda aka hana, kuma sabon kwas yakan fara ne da izinin buɗewa kafin a zo tantance shi. Na uku, gwaggon ta sa a nemo ɗalibin aji uku na sashen a yi masa tambayoyi: kwamfuta nawa ke aiki a ɗakin gwaji, akwai wuta lokacin darasi, kun taɓa buɗe Wireshark, manhajar duba bayanan da ke bi ta hanyar sadarwa, a aji ko a allo aka zana muku, malamai nawa ne na sashen ba aro ba. Amsar ɗalibi ta fi ta ƙasidar talla.

Sannan a sa yajin aiki cikin lissafi. A 2022 ASUU ta rufe jami'o'i daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata takwas. Wanda ya biya hayar shekara a lokacin ya yi asara, wanda ke zaune gidan dangi bai yi ba.

Hajiya Bilki, Mile 12: Ku yi haƙuri in shigo. Duk jami'a kuke ta kira, foliteknik fa? Ba kowane yaro ne zai kawo maki 250 ba.

Malama Hauwa: Tambaya mai kyau, Hajiya. A farkon 2024 hukumar kula da foliteknik, NBTE, ta raba babbar difloma, wato HND, ta kimiyyar kwamfuta gida huɗu: ƙirƙirarriyar basira, hanyoyin sadarwa da ajiyar bayanai ta intanet, ƙera manhaja da shafuka, sai tsaron intanet da kare bayanai. Hanyar ita ce ƙaramar difloma, ND, shekara biyu, koyon aiki shekara ɗaya, HND shekara biyu. Biyar ke nan. YABATECH ta tarayya ce, tun 1947 take, makin shigarta ya fi na UNILAG sauƙi, kuma a Yaba take inda kamfanonin fasaha ke kewaye da ita.

Amfanin hanyar biyu ne. Shekarar koyon aikin cikakkiya ce, yaro na iya samun ɗan alawus ya tara kuɗin jarrabawar ƙwarewa. Kuma wanda ya fita ND da sakamako mai kyau, a ce babban kiredit, yana iya neman shiga jami'a kai tsaye aji biyu ta fom ɗin DE na JAMB. Illarta kuma ba za a ɓoye ba: har yanzu akwai ma'aikatun da ke fifita digiri a kan HND wajen matsayi da ƙarin girma, kuma mai HND yakan bi ta diflomar gaba da digiri kafin a karɓe shi digiri na biyu. Idan an zo HND a tabbatar NBTE ta amince wa ita wannan makarantar da sabon reshen, domin ba duka suka samu lokaci ɗaya ba.

Hajiya Bilki, Mile 12: Kwatano ta jamhuriyar Benin fa? Ana ta yi mana tallar digiri cikin shekara biyu ko uku.

Malama Hauwa: A'a Hajiya, kada ki kusanta. A ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya bankaɗo yadda ya sayi digiri a can cikin makonni shida, a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo. Haka nan cibiyoyin da ke cikin unguwanni suna cewa su reshen wata jami'a ne. Duk gurbin da bai fito a CAPS, shafin bayar da gurbi na JAMB, ba, yaro bai danna ya karɓa ya buga takardarsa ba, babu sunansa a rajistar ɗalibai ta ƙasa, kuma ranar tafiya hidimar ƙasa abin ke fitowa fili, bayan an kashe kuɗin shekara huɗu. Masu karatun wucin gadi na yamma ko ƙarshen mako su ma su sani, takardar keɓewa ake ba su, ba sa shiga sansani.

Alhaji Ɗanlami, Agege: Bashin karatun nan na gwamnati, akwai ruwa a ciki? Shi ne abin da ke hana ni kallonsa.

Injiniya Nura: Babu ruwa, Alhaji. Dokar da aka sa wa hannu a Afrilun 2024 ta kafa asusun bashin ɗalibai, NELFUND, abin da aka ranta shi ake biya. Kuɗin rajista makaranta suke tura wa kai tsaye, kuɗin hidima naira 20,000 a wata kuma asusun ɗalibi, in ya nema. Biya yana farawa shekara biyu bayan hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 na albashi. Na makarantun gwamnati ne kawai. Ana buƙatar lambar JAMB da NIN da BVN, kuma sai makaranta ta ɗora sunan ɗalibi tukuna. Inda ake yawan maƙalewa shi ne suna: Muhammad a NIN, Mohammed a banki, ko ranar haihuwa ta bambanta. A daidaita su tun yanzu kafin rajistar JAMB, gyara daga baya akwai kuɗi da jeka-ka-dawo. Kuma kuɗin na iya makara, saboda haka a tanadi na rajistar farko a hannu.

Mustafa, Ikeja: Bari in yi maganar kwamfuta, don a nan ake cutar iyaye. Wannan karatu ba a yin sa da waya, kuma ba a yin sa da ƙaramar laftop mai RAM 4. Ɗaliba za ta kunna kwamfutocin gwaji biyu ko uku a cikin tata lokaci guda, kowacce tana cin RAM 2 zuwa 4. Abin nema: Core i5 zubi na takwas ko sama, RAM 16, SSD aƙalla 256, in da hali 512. Me ya sa zubi na takwas? Daga nan Windows 11 ke karɓa a hukumance, Windows 10 kuwa Microsoft ta daina tallafa masa a Oktoban 2025. Tokunbo na ofis sun fi sababbi masu arha ƙarko: ThinkPad T480, Latitude 7490, EliteBook 840 G5. T480 tana da ramin RAM biyu, ana iya saya da 8 a ƙara daga baya.

A Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja, kada a biya sai an yi waɗannan a gaban mai shago. A shiga BIOS, wato saitin tushe na na'urar, a ga babu kalmar sirrin mai kula, in akwai kada a sayi laftop ɗin, domin ba za a iya kunna saitin VT-x ba, kuma in babu shi VirtualBox, manhajar da ke ɗaukar kwamfutocin gwaji, ba zai ɗaga Kali ba, wato Linux ɗin masu gwajin tsaro. A haɗa ta da intanet yayin saita Windows, in ta nuno sunan wani kamfani tana neman a shiga da asusunsa, a kulle take, a mayar. A buɗe wurin umarni a rubuta powercfg /batteryreport a gwada ƙarfin batir na asali da na yanzu, in ya yi ƙasa da kashi 70 a nemi ragi, ga yadda wuta take. A duba lafiyar SSD da CrystalDiskInfo. A karɓi rasit mai lambar na'urar daga shago mai adireshi, ba wurin masu tare hanya a bakin titin Otigba ba. MacBook masu M1 zuwa sama suna da kyau, amma ƙirar ARM ce, yawancin na'urorin gwaji na ɗalibai kuwa na Intel ne, wahala za ta sha.

Sadiƙ, Idi-Araba: Madalla. Da wannan laftop ɗin ta fara tun kafin a fitar da gurbi. Ta sa VirtualBox, ta sa Kali Linux, ta sa Metasploitable 2 wadda da gangan aka cika ta da rauni. Kuskuren da ake yi shi ne barin ta a saitin da ke haɗa ta da rawutar gida. A sa ta a saitin da ba ta ganin kowa sai kwamfutar da ke ɗauke da ita. Manyan fayiloli irin na Kali gigabait da yawa ne, a sauke da datar dare. Bandit na OverTheWire zai koya mata Linux, makarantar PortSwigger ta intanet za ta koya mata raunin shafuka, picoCTF gasa ce ta ɗalibai, Packet Tracer na Cisco kuma na hanyoyin sadarwa ne. Duk kyauta. Kowane gwaji ta rubuta abin da ta yi da abin da ta gano ta ajiye a GitHub, shafin da masu fasaha ke ajiye ayyukansu, shi za ta nuna ranar neman SIWES.

Kuma Baba, a ja mata kunne: ba a gwada nmap, manhajar binciko ƙofofin na'ura, a kan shafin makaranta ko wifin maƙwabci. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi ɗauri da tara kan shiga na'ura ba izini. Banki kuma yana binciken tarihin mutum kafin ya ba shi wannan kujera.

Malam Tasi'u: Satifiket fa a bi a hankali, dala ake biya. Jarrabawar Security+, ta tushen tsaro, ta haura dala 400, tambayoyi har 90 cikin minti 90, ana cin ta da maki 750 cikin 900, kuma shekara uku take aiki. Wanda ya yi ta a aji ɗaya, kafin ya gama digiri ta ƙare sai sabuntawa. Lokacinta ƙarshen aji uku ko aji huɗu. Satifiket ɗin CC ta ƙungiyar ISC2 ta fi sauƙi ga mai farawa, amma akwai dala 50 duk shekara don riƙe ta. CCNA, ta hanyoyin sadarwa, dala 300 ce, kuma a ganina ta fi CEH, ta gwajin kutse da izini, amfani ga sabon shiga, ga CEH da tsada. Duk cibiyar da ta ce za ta ba ɗalibi CISSP, satifiket ɗin ƙwararru, cikin wata uku, a tashi a bar wurin, wannan sai da shekara biyar na aiki.

Malama Hauwa: Tunda mace ce, akwai CyberGirls na gidauniyar CyberSafe, horo ne kyauta ga mata 'yan shekara 18 zuwa 28, da gasa ake shiga. Akwai 3MTT na ma'aikatar sadarwa ta tarayya da aka fara a 2023, tsaron intanet na cikin fannoninsa. Ƙari ne a kan karatu, ba madadinsa ba.

Alhaji Ɗanlami, Agege: Allah Ya saka da alheri. To a fom ɗin wacce za a sa farko, Bayero ko UNILAG?

Sadiƙ, Idi-Araba: Ni har yanzu UNILAG nake gani, in makinta ya kai.

Malama Hauwa: Ba sai an yanke yau ba, Alhaji. A sa Bayero zaɓin farko a jami'a, YABATECH a gurbin foliteknik. In sakamakon JAMB ya fito da ƙarfi sosai, WAEC kuma ta zo da kiredit biyar masu kyau a zama ɗaya, JAMB na ba da damar canza makaranta a cibiyar CBT da aka amince da ita, da ɗan kuɗi kaɗan. Sai dai a yi canjin kafin UNILAG ta rufe rajistar jarrabawarta, kuma a tabbatar an ɗora sakamakon WAEC a shafin JAMB, in ba haka ba CAPS ba zai fito da sunanta ba ko da ta ci. Layin wayar da aka nemi lambar rajista da shi kuma a riƙe shi da kyau, na yarinyar ne ko naka, ba na mai shagon intanet ba.